Labarin Hans Spemann, Malamin Da Ya Ɗaure Ƙwai Da Silin Gashi

Kaɗan ne daga cikinmu waɗanda ba su taɓa tsayawa bakin kududdufi da damina sun ga ƙwan kwaɗi kwance cikin yauƙinsa ba. Kowane ɗaya ɗan baƙin ɗigo ne kurum, ba kai, ba wutsiya, ba ido. In mutum ya komo bayan 'yan kwanaki sai ya tarad da ɗigon nan ya miƙe, ya yi kai a gaba da wutsiya a baya, har yana iyo. Sabo ya sa abin ba ya ba mu mamaki. Amma fa in muka natsu, akwai tambaya mai nauyi a ciki. Mene ne ke gaya wa wannan gefe na ƙwan ya zama ƙwaƙwalwa, wancan gefe kuwa ya zama fatar ciki? Kuma a wane lokaci ne a ke yanke wannan hukunci har ya zama ba ya juyuwa? Mutumin da za mu ba da labarinsa ya yi shekara wajen arba'in yana bin wannan tambaya, ba shi da makami sai madubin likita mai ƙara girman abubuwa, da allurar gilashi, da silin gashin jariri. Sunansa Hans Spemann, mutumin ƙasar Jamus.

An haife shi ran 27 ga watan Yuni, 1869, a birnin Stuttgart. Shi ne babban ɗan Wilhelm Spemann, wani mai sana'ar buga littattafai wanda sunansa ya shahara a ƙasar. Da yaron ya gama makarantar garinsu cikin 1888 sai ya yi shekara guda a ma'aikatar ubansa, ya yi wata shekarar cikin sojan doki, sa'an nan ya ɗan taɓa cinikin littattafai a Hamburg. Hanya a buɗe ta ke ya gaji sana'ar gida, amma zuciyarsa ba ta can. Cikin 1891 ya shiga jami'ar Heidelberg don koyon aikin likita. A nan ya sadu da wani saurayi mai suna Gustav Wolff, wanda ke bincike a kan wata 'yar dabba da za mu riƙa ambata da yawa cikin labarin nan. Sifarta kamar ta ƙadangare, amma 'yar'uwar kwaɗo ce, cikin ruwa ta ke saka ƙwai. Za mu kira ta ƙadangaren ruwa. Wolff ya ga in an cire wa dabbar nan madubin idonta, watau ɗan abin nan mai kama da gilashi da ke tara haske, sai wani sabo ya tsiro daga wani gefe na idon dabam.

Spemann bai zama likita ba. Cikin 1894 ya tafi jami'ar Würzburg ya kama ƙafar Theodor Boveri, wanda a zamanin nan ba a cika samun wanda ya fi shi sanin yadda ƙwai ke tsagewa ba. Ya sami digirinsa cikin 1895. Cikin malaman da suka koya masa har da Julius Sachs, masanin itatuwa, da Wilhelm Röntgen, wanda a wannan shekara ya gano hasken nan da likitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Ba a jima ba sai tarin fuka ya kama Spemann, ya wajaba ya kwanta a gidan jinya dukan lokacin sanyi na 1896 zuwa 1897. Cikin wannan zaman dole ne ya karanta littafin August Weismann na 1892 a kan gado, shi ne kuwa ya ɗora shi bisa hanyar da ya bi har mutuwarsa.

Kafin mu ci gaba ya kamata mu bayyana abin da malaman zamanin su ke gardama a kai. Jikin kowace dabba an gina shi ne da waɗansu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira ƙwayoyin halitta, kamar yadda a ke gina soro da tubali. Ƙwai kansa ƙwaya ɗaya ce. In irin namiji ya shige shi sai ya tsage biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har su kai dubbai, dunƙule kamar ƙwallo. Kowace ƙwaya tana da cibiya a cikinta, a nan ne kayan gado su ke, watau umarnin da ɗa ke samu daga iyayensa. Weismann ya yi zaton duk sa'ad da ƙwaya ta tsage sai a raba kayan nan, kamar yadda a ke raba dukiya tsakanin magada, kowa ya tafi da rabonsa. Wadda ta sami rabon ido sai ta yi ido, wadda ta sami na ƙafa ta yi ƙafa. In haka ne, to, hukunci ya yanku tun tsagewar fari.

Cikin 1888 wani malami mai suna Wilhelm Roux ya gwada wannan magana. Ya jira ƙwan kwaɗo ya tsage biyu, ya soke ƙwaya ɗaya da allura mai zafi ya kashe ta. Wadda ta rage ta girma ta zama rabin ɗan tayi. Mutane suka ce Weismann ya yi gaskiya. Amma cikin 1891 Hans Driesch ya ɗauki ƙwan wata dabbar teku mai ƙaya kamar bushiya, ya girgiza shi cikin kwalba har ƙwayoyin biyu suka rabu sarai. Kowace ɗaya ta zama ɗan tayi cikakke, sai dai ƙarami. Ga gwaji biyu, ga amsa biyu masu karo da juna, kowane malami da mabiyansa.

A nan Spemann ya shigo. Ya ga allura mai zafi da girgiza kwalba duk aikin gaggawa ne, ya nemi hanya mai taushi. Ƙwan ƙadangaren ruwa bai fi ƙwayar gero girma ba, ga shi da santsi, zare kuwa ya yi masa kauri. Sai ya ɗauki silin gashi daga kan 'yarsa jaririya, ya yi masa zarge, ya zura ƙwan a ciki ƙarƙashin madubi, ya daidaita gashin bisa tsagin da ke tsakanin ƙwayoyin biyu, ya riƙa ja a hankali. In ya ɗaure tam har suka rabu, sau da yawa sai ya sami tagwaye, kowanne cikakke. In ya ɗaure sako-sako sai ya sami ɗan tayi mai kai biyu da wutsiya ɗaya. Ya bayyana wannan aiki tsakanin 1901 da 1903. Ashe ƙwaya ɗaya daga cikin biyun tana da dukan abin da a ke bukata don gina jiki. Daga baya ma aka gane gawar ƙwayar da Roux ya bari manne ce ta sa 'yar'uwarta ta yi rabin jiki. Tagwayen 'yan Adam masu kama ɗaya su ma daga ƙwai guda su ke fitowa, wanda ya rabu tun da wuri.

Amma akwai abin da Spemann ya lura da shi wanda mai gaggawa zai jefar ya ce gwaji ne ya ɓaci. Wani lokaci in ya raba ƙwan, rabi ɗaya ya kan zama ɗan tayi sosai, ɗaya rabin kuwa ya zama wani dunƙulen nama mai rai, da fata da kayan ciki, amma ba kai, ba gadon baya, ba laka. Ya sa wa wannan suna guntun ciki. Da ya bi diddigi sai ya ga abin ya danganta ne ga inda gashin ya bi. In ya raba gefen da zai zama baya daidai wa daida, kowane rabi ya sami kashinsa, sai a yi tagwaye. In kuwa gefen nan duka ya faɗa wa rabi ɗaya, ɗayan ya tashi a guntun ciki. Lalle ke nan akwai wani abu a gefen baya wanda jiki ba ya tsaruwa sai da shi. Ya riƙe wannan tambaya a ransa shekara wajen ashirin kafin ya sami amsarta.

Cikin waɗannan shekaru ya juya ga ido. Idon ɗan tayi ya kan fara ne kamar ɗan ƙoƙo da ke tsirowa daga ƙwaƙwalwa, ya miƙa har ya taɓa fatar kai daga ciki, sa'an nan fatar wurin ta yi kauri ta zama madubin ido. Cikin 1901 Spemann ya lalata tushen ƙoƙon nan a jikin wani irin kwaɗo, sai madubi ya ƙi fitowa. Ya fahimta ƙoƙon ne ke sa fata ta yi madubi, watau wani sashe na jiki yana iya jawo maƙwabcinsa ya zama wani abu. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ga shi ya tabbata har cikin ƙwai. Amma waɗansu masana suka kawo shaidar madubin da ya fito ba tare da ƙoƙo ba. Spemann ya sake gwajin da wani irin kwaɗo dabam, sai ga madubi ya fito ko da ya ke ya cire ƙoƙon. Bai ɓoye ba, ya buga abin da ya gani, ya yarda dabbobi sun bambanta a wannan wuri. Wannan ya koya masa kada ya gina babbar magana bisa dabba iri ɗaya.

Ko da ya ke hankalinsa ne ya ɗaukaka shi, hannunsa ma ya taimaka ƙwarai. Shi da kansa ya ƙera kayan aikinsa. Ya kan ɗora sandar gilashi bisa ƙaramar wuta ya ja ta har bakinta ya fi gashi siranta, ita ce wuƙarsa. Ya kan lanƙwasa gashi ya cusa bakinsa biyu cikin ɗan bututun gilashi, da wannan ya ke juya ɗan tayi ba tare da ya ƙuje shi ba. Ya kan ɗora 'yar gadar gilashi bisa yankin da ya dasa, ta danne shi har ya kama. Da irin kayan nan mutum ke iya yanko guntu daga jikin abin da bai fi ƙwayar gero ba, ya kai shi jikin wani. Cikin 1908 aka naɗa shi babban malamin ilmin dabbobi a Rostock, cikin 1914 kuma ya koma wata babbar ma'aikatar bincike a Berlin.

A Berlin ne, ana tsakiyar yaƙin duniya na fari, ya sami amsar tambayar lokaci. Bayan ƙwai ya zama ƙwallon ƙwayoyi, akwai wani mataki da za mu kira naɗewa. Wani ɗan tsagi kamar baki ya kan buɗe a gefe, ƙwayoyi su riƙa kwarara ta cikinsa zuwa ciki, har ƙwallon ya zama shimfiɗa uku. Ta waje ita ke ba da fata da ƙwaƙwalwa da laka, ta tsakiya tsoka da ƙashi da jini, ta ciki kuwa hanji da hanta. Spemann ya ɗauki 'yan tayi biyu da ke farkon naɗewa, ya yanko guntu daga wurin da zai zama ƙwaƙwalwa a jikin ɗaya, da guntu daga wurin da zai zama fatar ciki a jikin ɗayan, ya musanya su. Kowane guntu sai ya bi al'adar sabon masaukinsa. Mai zama fata ya zama ƙwaƙwalwa, mai zama ƙwaƙwalwa ya zama fata. Ya sake yin wannan aiki a ƙarshen naɗewa, wanda tsakaninsa da farkonta bai fi kwana ɗaya ko biyu ba. A wannan karo guntun ƙwaƙwalwa ya ƙi sauyawa, ya yi ƙwaƙwalwarsa a tsakiyar fatar ciki. Ya bayyana wannan cikin 1918. Ta haka aka san ƙwayoyi ba su ɗaukar aikinsu tun fari. Da wuri suna da zaɓi, suna sauraron maƙwabtansu, sa'an nan lokaci ya zo ƙofa ta rufe.

Wuri ɗaya ne ya saɓa wa wannan ƙa'ida, shi ne leɓen sama na bakin nan da ƙwayoyi ke shiga ta ciki. Tun farkon naɗewa, ko ina aka kai shi ba ya bin al'adar masauki. Ya kan nutse ciki kamar yadda ya saba, kuma wani gadon baya ya fito a wurin. Leɓen nan kuwa yana gefen baya ne, daidai wurin da guntun ciki ya rasa. Sauran tambaya ɗaya, ita ce, shin guntun da aka dasa shi kaɗai ke gina sabon gadon bayan da ƙwayoyinsa, ko kuwa yana sa ƙwayoyin mai masauki ne su taya shi? Ba a iya sani sai an rarrabe baƙo da ɗan gida. Dabarar da ya samu ita ce ya yi dashe tsakanin iri biyu na ƙadangaren ruwa, ɗaya mai farin ƙwai, ɗaya mai duhun ƙwai, don launi ya nuna asalin kowace ƙwaya.

Cikin 1919 ya koma jami'ar Freiburg, almajirai suka taru gare shi. Cikinsu akwai wata yarinya mai suna Hilde Pröscholdt, haifaffiyar garin Gotha cikin 1898, wadda ta zo cikin 1920. Ita ya danƙa wa wannan gwaji ya zama aikin digirinta. Kada mu ɗauka ƙaramin aiki ne. Ƙadangaren ruwa ba ya saka ƙwai sai 'yan watanni bayan sanyi ya wuce, wanda ya kuskure lokacin sai ya jira baɗi. Dole a tuɓe wa ƙwan rigarsa kafin a yanka shi, da an tuɓe kuwa ƙwayoyin cuta su kan far masa, a zamanin nan ba maganinsu. Cikin 1921 da 1922 Hilde ta yi dashe fiye da 250, galibinsu suka narke kafin su kai ko ina. Waɗanda aka kafa hujja da su cikin takardar ba su kai goma ba.

Amma 'yan kaɗan ɗin nan sun isa. Ta ɗauko leɓe daga farin ɗan tayi ta dasa a gefen cikin mai duhu. Bayan 'yan kwanaki sai ga ɗan tayi na biyu yana fitowa a jikin na fari, manne da shi, da lakarsa da tsokar bayansa. Ta yanka shi falle-falle ta duba da madubi. Sandar nan mai taushi da ke bin tsawon baya kafin ƙashi ya samu, galibinta fara ce, watau ta baƙo. Tsokar gefenta gauraye ta ke, fari da duhu. Laka kuwa kusan dukanta mai duhu ce. Ma'ana, ƙwayoyin mai masauki, waɗanda da an bar su da fatar ciki za su zama, baƙon nan ya juya su sun zama laka, ya kuma jera su bisa tsarin jiki sosai. Spemann ya sa wa leɓen suna da Jamusanci Organisator, watau mai tsarawa.

Takardar ta fito cikin 1924, amma Hilde ba ta ci amfaninta ba. Ta riga ta auri Otto Mangold, babban almajirin Spemann, cikin 1921, ta sami digirinta cikin 1923, ta haifi ɗa namiji. Cikin watan Satumba na 1924 wutar murhu mai aiki da mai ta kama ta a ɗakin girki, ta ƙone, ta rasu tana da shekara 25. Abokin karatunta Viktor Hamburger ya ba da labari cikin littafinsa na 1988 cewa ba ta ji daɗi ba da malamin ya sa sunansa gaban nata bisa aikin digirinta, alhali ya bar waɗansu almajirai maza sun buga nasu da sunansu kaɗai. Hamburger kansa yana ganin malamin na da hujja, tun da shi ya share fagen shekara da shekaru, shi ya ƙaga gwajin. Maganar biyu duk suna da ƙamshin gaskiya. Tunanin nasa ne, hannun da haƙurin nata ne. Shekaru da yawa sunan malamin kaɗai a ke ambata, amma yanzu masana na kiran wurin da sunan su biyu, Spemann da Mangold.

Har wa yau akwai gwaji biyu na gidan Spemann da bai kamata mu tsallake ba. Na fari almajirinsa Oscar Schotté ya yi shi, aka buga cikin 1932. Ya ɗauko fatar ciki daga ɗan tayin kwaɗo ya dasa a wurin da bakin ƙadangaren ruwa zai fito. Fatar ta ji umarni ta yi baki, amma bakin ɗan kwaɗo ta yi, da muƙamuƙinsa mai tauri kamar ƙaho da abin mannewarsa, ba mai haƙora irin na mai masauki ba. Watau maƙwabci na iya cewa a yi baki, amma irin bakin da za a yi yana ga abin da ƙwaya ta gada. Na biyu Spemann ya yi shi da gashi. Ya ɗaure ƙwai tun bai tsage ba, har cibiyar ta koma gefe ɗaya. Gefen nan ya yi ta tsagewa, ɗayan yana zaune. Da ƙwayoyi suka kai wajen 16 sai cibiya ɗaya ta sulale ta ƙarƙashin gashin ta shiga gefen da ba kowa, sai ga shi ya tashi ya zama ɗan tayi cikakke. Ashe ba a raba kayan gado kamar yadda Weismann ya zata, kowace ƙwaya tana riƙe da su duka.

Bayan wannan sai murna ta soma gaurayuwa da ruɗani. Cikin 1932 Spemann da Otto Mangold da Hermann Bautzmann da Johannes Holtfreter suka nuna ko an kashe leɓen nan, da zafi ko da sanyi, yana iya sa fata ta zama laka. Aka ce lalle wani sinadari ne ke fita daga cikinsa, masana a Jamus da Ingila suka duƙufa nemansa. Sai aka tarar abubuwa barkatai na yin wannan aiki, guntun hanta, guntun ƙoda, har da wani shuɗin rini wanda ba ya cikin jikin kowace dabba. Abin da kowane mabuɗi ke buɗewa, ta yaya za a gane mabuɗinsa na ainihi? Kayan binciken zamanin ba su kai ga warware wannan ba. Ga kuma mulkin Hitler ya zo cikin 1933 ya watsa almajiran. An kori Hamburger daga aikinsa don kakanninsa Yahudawa ne, ya zauna a Amurka. Salome Gluecksohn, wata almajirar gidan, ita ma ta gudu can. Holtfreter ya bar ƙasar cikin 1939.

Cikin 1935 aka ba Spemann kyautar Nobel ta fannin likita sabo da gano mai tsarawa, shi ne masanin 'yan tayi na fari da ya same ta. Cikin 1936 ya tara aikinsa duka cikin littafi guda, aka fassara shi da Turanci cikin 1938. A ciki ya kawo shawarar wani gwaji wanda shi kansa ya ga kamar mafarki ne a lokacin, watau a cire cibiyar ƙwayar da ta riga ta manyanta a sa ta cikin ƙwan da aka cire wa tasa, a ga ko za ta gina jiki. Ya bar kujerarsa cikin 1937, Otto Mangold ya gaje shi. Ya rasu a Freiburg cikin watan Satumba na 1941, yana da shekara 72, bai san mene ne ke fita daga leɓen nan ba.

Sai bayan shekara hamsin da mutuwarsa amsa ta zo, ta kuwa zo ta inda ba a zata ba. An yi aikin ne da ƙwan wani kwaɗon Afirka mai farce, wanda a ke iya sa shi ya saka ƙwai kowane lokaci na shekara. Cikin 1989 aka ga in an warwatsa ƙwayoyin shimfiɗar waje, kowace ta zauna ita kaɗai 'yan sa'o'i, su kan zama na laka ba tare da kowa ya umarce su ba. Cikin 1992 Richard Harland da William Smith a Amurka suka gano wani furotin da leɓen ke fitarwa, suka sa masa suna noggin. Cikin 1994 mutanen Edward De Robertis suka gano wani, chordin. Da aka bincika aikinsu sai aka ga ba umarnin yin laka su ke kaiwa ba. Akwai wani furotin mai suna BMP da ke yawo tsakanin ƙwayoyi yana sa su zama fata. Su noggin da chordin kama shi su ke yi su riƙe, kada ya kai ga ƙwayoyin da ke kusa. Inda aka tare shi sai laka ta fito, inda ya yi yawa sai fata, tsakanin nan kuwa kowane wuri da abin da gwargwadonsa ke bayarwa. Ashe mai tsarawa, babban aikinsa tare wata murya ne don ƙwaya ta bi abin da ke cikinta. An kuma sami irinsa a jikin ɗan tayin kaza da kifi da ɓera.

Gwajin mafarkin nan ma ya tabbata. Cikin 1962 John Gurdon a Ingila ya ɗauki cibiya daga hanjin ɗan kwaɗo ya sa cikin ƙwai, ya sami ɗan kwaɗo mai iyo. Cikin 1996 aka haifi tunkiyar nan Dolly ta irin wannan hanya. Cikin 2006 Shinya Yamanaka a Japan ya komar da ƙwayar jikin ɓera zuwa halin ƙuruciyarta, aka haɗa shi da Gurdon aka ba su kyautar Nobel cikin 2012. Abin da aka sani yanzu shi ne ƙwayar fata da ta ƙwaƙwalwa littafin gadonsu ɗaya ne, bambancinsu yana ga shafin da kowace ta buɗe da wanda ta rufe. Ba kuwa za mu ce Roux ya ɓata ɗungum ba, gama akwai dabbobi, kamar waɗanda Edwin Conklin ya bincika cikin 1905, da uwa ke jera waɗansu abubuwa cikin ƙwai tun fari, ƙwayar da ta gaje su ta san aikinta ba sai ta tambayi maƙwabci ba. Galibin dabbobi suna haɗa hanyoyin biyu.

To, 'yan'uwa, mu da mu ke shirin tsayawa gaban yara, akwai abin da za mu ɗauka a nan. Yaro ba ƙwan kwaɗo ba ne, kada mu ja misali har ya tsinke. Duk da haka wanda ya karanta yadda guntun fata ke karɓar sabon aiki yau, jibi ya ƙi, ba zai yi wasa da shekarun fari na almajiransa ba, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Mu tuna kuma da guntun ciki, wanda wani zai zubar ya ce ɓarna ce, shi kuwa Spemann ya ajiye shi a ransa shekara ashirin. Mu tuna da ranar da kwaɗo na biyu ya ƙaryata shi, ya fito ya faɗa da bakinsa. Sa'an nan mu tuna da Hilde Mangold. Wata rana wani daga cikinmu zai sami almajirin da hannunsa ya fi nasa, aikin da suka yi tare ya yi kyau, a zo rubuta suna. Ran nan ya dubi wannan labari kafin ya ɗauki alƙalami.

Da damina mai zuwa, wanda ya ga ƙwan kwaɗi a kududdufi ya ɗebo kaɗan cikin kwalba da ruwan wurin, ya ajiye a inuwa cikin aji, ya sa yara su duba kowace safiya su zana abin da suka gani. In 'ya'yan kwaɗin sun fito a komar da su inda aka ɗebo su.